Mu Da Tofa

Da Bahaushe ya zo raɗa wa sana'arsa ta gado suna, sai ya tsallake shuka, ya tsallake girbi, ya ɗauki aikin da ya fi kowanne cin rai a cikinta, watau duƙawa da fartanya a raba amfanin gona da ciyawa, ya ce sunan sana'ar ke nan: noma. Har gobe idan manomi ya ce ya gama shuka amma bai fara noma ba, babu mai yi masa kallon ruɗaɗɗe, domin kowa ya san abin da yake nufi. Akwai noman fari, wanda wasu ke kira firi, akwai maimai, sannan a zo huɗa. Duk sunaye ne na karon da ake ta maimaitawa da maƙiyi ɗaya a cikin damina guda. Mu da muka tashi a gidajen manoma mun san cewa da tsabtar gona a tsakiyar marka ake auna mutum. Wanda ciyawa ta cinye wa gona, ko neman aure ya je sai an tuna masa.

Sai dai ciyawa suna ta tara. Akwai irin su harƙiya da ƙarangiya da kashin-yawo, waɗanda ƙarfinsu duk a iri yake. Idan fartanya ta tsinke su kafin su yi 'ya'ya, rana ta buge su yini guda, an rabu da su ke nan sai wani tsiron. Akwai kuma wasu 'yan tsiraru da Allah ya hore wa rumbu a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda abin da ido ke gani nasu a sama ɗan aike ne kurum, fadar tana can ƙasa. Su ne aya-aya, wadda wasu ke kira jiji, da kiri-kiri, da tofa. A shekarar 1977 wani masanin ciyayi Ba'amurke, LeRoy Holm, shi da abokan aikinsa sun fitar da littafi a kan ciyayin da suka fi addabar manoma a duniya baki ɗaya. Aya-aya ce ta zo ta ɗaya, kiri-kiri ta biyu, tofa ta bakwai. Mu dai da muka yi karo da tofa a ƙasar Kudu, muna ganin an rage mata matsayi.

Mu 'yan Arewa ne da neman ilmi ya kawo mu nan, mafi yawanmu ɗalibai, biyu kuma ƙananan ma'aikata. Abin da ya haɗa mu da noma kuwa miya ce. Duk wanda ya yi wata shida bai ga ɗanyar rama ko yakuwa ba, sai busasshiya da ake aiko masa a ƙullin leda, ya san irin kewar da muke nufi. Muka nemi izinin wani kangon fili da ke bayan gidajen ma'aikata, aka ba mu ba tare da ja-in-ja ba, har mai ba da izinin yana wani murmushi. Filin bai kai rabin filin ƙwallo ba. An ce da can gonar rogo ce, aka bar ta shekaru ta koma sunƙuru. Gefensa na yamma wata doguwar ciyawa ce mai wari ta rufe shi, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take. Mutanen nan suna kiranta Awolowo, wasu su ce Akintola, a Gana kuma Acheampong ake ce mata, kowace al'umma dai ta laƙaba mata sunan wani babba na zamanin da ta ga ta mamaye mata gonaki. Wannan adda da diga sun iya da ita, muddin an tumɓuke kututturen. Sauran filin kuwa tofa ce zalla, ta kai ƙugu, tana kaɗawa cikin iska kamar gonar shinkafa.

A gida mun san tofa a bakin fadama, ana yanko ta a yi jinka, ba ta cika damun kowa ba domin dogon rani na karya mata lago. A nan ba ta san rani ba. Ruwa na sauka tun watan Maris har Oktoba, ita kuwa tana ta saƙa fararen jijiyoyinta a ƙarƙashin ƙasa, gaɓa-gaɓa kamar rake, kowace gaɓa da idonta. Bakin jijiyar yana da tsini irin na basilla, yakan huda doya da rogo ya wuce ta ciki, yakan kuma huda tafin ƙafar wanda ya shiga ba takalmi. Idan ka sare ta, kafin mako ya zagayo ta toho. Idan ka sa mata wuta, kamar ka yi mata gayya ne: sauran ciyayi su mutu, ita ta fito shar, ta yi farin fure kamar auduga, iska ta kwashi irin ta kai gaba. Idan kuwa ka sa garma ka daddatse jijiyar, kowane guntu da ka bari a ƙasa ya zama uwa mai zaman kanta.

Akwai wani dattijo mai gadin gidajen, mutumin ƙasar Katsina, ya fi shekara 30 a Kudu, shi ne ya zama malaminmu ba tare da an naɗa shi ba. Ya ce hanyar da ya sani guda ce, a haƙa a tsince jijiyar da hannu, a baza ta a rana ta bushe a ƙone. Muka ɗauki hanyar Baba. Mu tara, Asabar biyu cur, da diga da shebur da manjagara, abin da muka share bai wuce faɗin ɗaki huɗu ba, hannuwa duk sun yi bororo. Ɗalibin lissafi da ke cikinmu ya buga ya ce in aka ci gaba a haka, za a gama sharar a shekarar da 'yan aji ɗaya za su karɓi digiri. Baba ya dube mu ya ce, "'Ya'yana, tofa ba a yi mata gaggawa. Ɗan wurin nan da kuke ganin kuɓewata, shekara uku na yi ina fama da ita." Muka ce, "Baba, mu shekara ukun ce ba mu da ita." A nan ne aka fara ambaton maganin feshi.

Shawara ta rabu biyu, aka kwana uku ana ja. Wasunmu suka ce guba guba ce ko da wane suna aka kira ta, ba su kuma ga hikimar zuba ta a inda za a tsinki ganyen kwaɗo ba. Wasu suka ce ai a gida ma yanzu kowa famfo yake goyawa, ba a kuma ga gari ya tashi ba. A ganinmu rabin rikicin daga harshe ya taso. Kalmar magani a Hausa tana da faɗin ciki: na ciwon kai magani ne, na ɓera ma magani ne, ɗaya a haɗiya a warke, ɗaya a haɗiya a sheƙa barzahu. Da aka kawo na ciyawa sai ya ci albarkacin suna mai daɗi, mutane suka saki jiki da shi. Waɗanda suka ƙi sakin jiki kuma suka yi wa kowane iri kuɗin goro. Wanda ya warware mana ƙullin ɗan'uwanmu ne da ke tsangayar aikin gona. Ya zaunar da mu a gindin mangwaro ya yi mana darasin da ya kamata a ce duk mai sayar da maganin nan a kasuwa ya iya shi.

Abin da muka fahimta shi ne, magungunan ba hanya ɗaya suke bi ba. Akwai mai zaɓe, kamar 2,4-D, wanda aka fara sayarwa tun wajen 1945. Yakan kashe ciyayi masu faɗin ganye ya ƙyale dangin hatsi, tofa kuwa 'yar dangin hatsi ce, ko a jikinta. Sannan akwai biyu da ba sani ba sabo, duk kore abokin gabarsu ne. Na farko shi ne farakwat, wanda kamfanin ICI na Ingila ya fito da shi kasuwa a 1962 da sunan Gramoxone. Wannan ɗan gaggawa ne: a fesa yau, kafin gobe ganye ya ƙone ƙurmus kamar an bi shi da wuta, amma iyakarsa inda ya taɓa, ba ya gangarawa saiwa. Na biyu shi ne gilifoset, wanda wani masanin harhaɗa sinadarai na kamfanin Monsanto a Amurka, John Franz, ya gano amfaninsa a 1970, aka fara sayar da shi a 1974 da sunan Roundup. Shi ta ganye yake shiga, ya bi hanyar da abinci ke bi a jikin tsiro har ya isa jijiya, ya toshe wani sinadari da tsiro ke buƙata wajen ƙera abin gina jikinsa, sai tsiron ya mutu da yunwa a tsaye, sannu a hankali. Wanda ya zuba ƙasa kuwa ƙasar ce ke riƙe shi gam, saiwar abin da aka shuka daga baya ba ta cika ɗaukarsa ba. Tun da wa'adin mallakar kamfanin ya ƙare a shekarar 2000, masana'antu da dama, musamman na ƙasar Sin, suka shiga yin sa, ya yi araha, ya shigo mana da sunaye barkatai.

Ba sai mun je nesa neman shaida ba. Maƙwabcinmu na gabas, wani ma'aikacin ofis mai ɗan fili kamar namu, farakwat ya saya, a lokacin ba a kai ga hana shi ba. Ya fesa ranar Lahadi, Litinin da yamma filinsa ya ƙone tas, masu wucewa na tsayawa suna yaba ƙarfin maganin. Bayan mako uku tofar ta dawo kore shar, domin rumbunta na ƙasa ko ƙwarzane bai yi ba. Ya sake saye, ya sake fesawa. Wannan shi ne sirrin farin jinin farakwat: mai saye yana ganin aiki da idonsa nan take, mai sayarwa kuma ya san zai sake ganin mai saye. Sauri ya haifi nawa. Abin da ya fi wannan muni, farakwat ba shi da makari. Kurɓi guda na wanda ba a sirka ba ya isa ya lalata huhun mutum, ya yi kwanaki yana neman numfashi har rai ya yi halinsa. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007, hukumar NAFDAC kuma ta sanya haramcinsa a Nijeriya daga farkon 2024. Wanda ya ga kwalbarsa a rumfa bayan wannan, ya san abin da ya gani.

Shi ma gilifoset ɗin bai tsira daga zargi ba. A 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sanya shi cikin abubuwan da ake da ƙarfin zaton suna iya haddasa cutar. Hukumomin ba da lasisi na Amurka da Turai suka ce ba su ga wannan haɗari ba idan an yi amfani da shi bisa ƙa'ida, har Tarayyar Turai ta sabunta masa izini na shekara 10 a 2023. Kamfanin Bayer na Jamus kuwa, wanda ya saye Monsanto a 2018, ya amince a 2020 zai biya kimanin dala biliyan 10 don sasantawa da dubban Amurkawan da suka kai ƙara, ba tare da ya amsa laifi ba. Malamai sun saɓa ke nan. Mu abin da muka riƙe daga saɓanin shi ne kalmar nan ta ƙa'ida, domin ƙa'idar da Bature ke nufi ta haɗa da safar hannu da takalmin roba da mutumin da ya iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba. Muka yanke shawara a kan sharaɗi: feshi ɗaya, a kan tofa kaɗai, kafin a shuka komai.

Shirin ya fi feshin ɗaukar lokaci. Muka sare tsohuwar tofar muka kwashe, domin busasshen ganye ba ya shan magani, muka jira sabon toho ya kai kusan gwiwa, lokacin da take cikin ganiyar ci da sha. Muka ɗebo ruwa garai-garai, saboda ruwan kududdufi mai laka yakan riƙe maganin tun a cikin tanki ya dushe masa kaifi. Da yawan masu kukan an sayar musu da jabu laka ce ta cuce su, ko da yake jabun ma akwai shi. Muka auna daidai yadda takardar ta ce, ba da gwangwanin madara da ƙarin gyara ba. Kwalbar aka ɗauraye ta sau 3 ana juye ruwan cikin tanki, aka huda gindinta don kada wani ya tsinta ya zuba man gyaɗa. Muka zaɓi safiyar da iska ta kwanta, raɓa ta ɗauke, sama kuma ba alamar hadari, tunda maganin na son kamar sa'a 6 a kan ganye kafin ruwa ya taɓa shi. Muka roƙi maƙwabta su ɗaure awakinsu, muka kare kuɓewar Baba da tsofaffin buhuna. Mutum biyu suka yi aikin da famfo mai cin lita 16 da muka aro, a rufe tun daga hanci har ƙafa. Kafin hantsi ya dubi ludayi an gama abin da lissafi ya ce sai shekara huɗu.

Daga nan sai jira, wanda ya fi komai wuya. Kwana uku tofa na nan kore tana kaɗawa kamar tana yi mana gwalo. Maƙwabcinmu ya leƙo ya ce, "Malamai, ruwa aka sayar muku." Baba ya hana kowa kai mata adda, ya ce, "Ku bari ta haɗiye tukuna." Shi da bai taɓa goya famfo ba, ya riga kowa gane cewa abin da ake hari yana ƙasa. A kwana na bakwai ganyen ya soma yin rawaya, a mako na biyu filin ya koma ruwan ƙasa, a na uku muka sa diga. Jijiyoyin nan farare masu tsini sun yi baƙi, sun yi laushi, suna marmashewa a hannu. Baba ya ɗauki ɗaya ya murza, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Shekara uku." Bai ƙara komai ba. Mun yi murna ranar nan ƙwarai, kuma duk wanda zai zauna a inuwa ya la'anci maganin ciyawa, ya kamata ya fara yin Asabar biyu da diga a cikin tofa. Mun san iyayenmu da bayansu ya ranƙwafa tun ba su kai hamsin ba, mun san yaran da ake cirewa daga aji a watan Yuli saboda noma. Abin da ya rage wannan wahala ba abin rainawa ba ne.

Akwai kusurwa guda da famfo bai shiga ba, wannan kuwa aikin matar Baba ne, wadda muke kira Inna. Ana gobe feshi ta zo ta tsaya a bakin filin da ƙwaryarta, ta ce, "'Ya'yan nan, shi maganin naku ya san lalo?" Muka ce, "Inna, bai san kowa ba." Ta ce, "To ku bar mini wajen magudanar can, ni na san su." Ashe a inda tofa ta yi sako-sako, lalo ne da zaki-banza da 'yar gasaya suka fito don kansu, ita kuma ta daɗe tana tsinka. Muka kewaye wurin da igiya. Tambayar Inna ta daɗe tana yi mana yawo a zuci, domin ta taɓo abin da ba a rubuta a jikin kowace kwalba ba. Fartanya tana da ido, idon mai riƙe da ita. Manomi na cikin noma zai ga tafasa ya kauce mata, ya ga yaɗiya ya ɗaga ta ya aza a kan kunya, ya bar wa mai ɗakinsa lalo a gindin dawa. Ba wanda ya shuka su, ba su cikin lissafin malamin gona, amma a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai nuna ba, kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli ne ke riƙe gidaje da yawa. Ciyawar da aka nome ma ba a zubar da ita, a ɗauro ta a kawo wa awaki da jaki, yaro ya kai dami kasuwa ya samo kuɗin littafi. Famfo ba ya barin ko ɗaya. Asarar kuma ba ta fitowa a buhunan da maigida ke ƙirgawa da kaka. A tukunyar uwargida take fitowa, ita kuwa ba a cika shawartarta ba kafin a sayo kwalba.

Idan muka je hutu gida, idonmu kan kai ga abubuwan da suka shafi wannan magana. Gayyar noma da makaɗa da fura a gindin bishiya ta yi ƙaranci a garuruwanmu. Dalilan suna da yawa, amma famfo na cikinsu. A madadinta sai samari masu feshin haya, ana biyansu a kan kowane tanki. Mun ga wanda ke tafe ba takalmi a cikin ciyawar da ya jiƙa yanzun nan, tanki na yoyo a gadon bayansa, ba ko riga. Mun ga wanda kan famfo ya toshe ya sa baki ya hura. In an tashi aiki sai a ba shi madara ko manja wai su wanke ciki, alhali ba abin da suke wankewa; wanda guba ta shiga asibiti ake kai shi maza, tare da kwalbar, don likita ya san da me yake fama. Ana fesa gefen hanya da harabar makaranta da lungunan da yara ke wasa, wuraren da aikin gayya na yini guda zai wadatar. Makiyayi kuma ya kora dabbobinsa cikin saurar da aka fesa jiya, ba tuta ba alama, daga nan sai a ji sabuwar rigima a gaban mai unguwa.

Takardar da ke jikin kwalba ta faɗi kusan duk abin da ya kamata a kiyaye, amma da Turanci, wani lokaci da Faransanci, cikin ƙananan baƙaƙe. A ƙasanta akwai zirin launi mai nuna matakin haɗari, ja ne mafi tsanani, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Masu feshin da muka zanta da su, da yawa sun ɗauka ado ne. Wannan ya tsaya mana a rai. Harshen da ya bambanta tofa da gamba da kyasuwa tun suna toho, ba zai gaza faɗin kada a fesa iska na kaɗawa ba, da boko da ajami.

Ko ta fuskar aikin da aka yi shi dominsa, maganin na da iyaka. Aya-aya takan jera 'ya'yanta a ƙasa kamar carbi, wasu a farke wasu a barci. Magani na isa ga masu ganye a sama, masu barcin kuwa sai an tafi su farka. Wuta-wuta, wadda ta fi kowace ciyawa cutar mai dawa da gero a Arewa, tun tana ƙarƙashin ƙasa take kama saiwar hatsi ta tsotse shi, kafin kyakkyawan furenta ya bayyana ta gama ɓarna. Tsiro guda na zubar da dubban iri ƙanana kamar ƙura, masu iya jira a ƙasa fiye da shekara 10. Ita taki take tsoro, da sauya shuka da waken suya, da hannun da zai tuge ta kafin ta yi 'ya'ya. Sannan ciyawa ma tana ɗaukar darasi. A 1996 aka fara samun wata ciyawa a Ostireliya da gilifoset ya daina kashewa, bayan shekaru ana fesa mata shi. Daga baya a gonakin auduga na jihar Jojiya ta Amurka wata 'yar'uwar zaki-banza ta yi irin wannan taurin kai, har manoman da suka manta da fartanya suka koma ɗaukar 'yan ƙwadago suna cire ta da hannu.

Tofa kuwa akwai abin da take tsoro fiye da magani, shi ne inuwa. Masu bincike na cibiyar IITA da ke Ibadan, tare da manoman kudancin Jamhuriyar Benin, sun nuna haka tun a ƙarshen shekarun 1980, inda aka riƙa shuka wani wake mai yaɗo da ake kira mukuna, ya lulluɓe gona ya hana tofa ganin rana har ta gaji, ya kuma bar wa ƙasa taki. Mu ba mu sami irinsa ba, sai muka yi da abin da ke hannu. Ba mu bar ƙasar tsirara ko mako guda ba: kabewa da dankali da wake a tsakanin kunyoyi, rama da yakuwa da kuɓewa a bisa. 'Yan tsirarun tofar da suka sake leƙowa, mafi yawa daga bakin iyakar maƙwabci, da wuƙa ake bin su ɗaya bayan ɗaya a zaro har jijiya. A wata na uku muka ci tuwo da miyar ɗanyar kuɓewa ta gumin kanmu, muka kuma aika wa mai ba da izinin nan da kabewa biyu, don ya ga abin da ya yi wa murmushi.

Aya-aya ta fito mana a inda ruwa ke kwanciya kusa da magudana. Baba ya ce dama tana nan, tofa ce ta danne ta. Dab da lalon Inna take, saboda haka maganar famfo ba ta ma taso ba. An raba wurin layi-layi, kowa da nasa, ranar Asabar bayan sallar asuba, an kuma aika gida a taho mana da fartanya uku, domin ta nan ba ta zauna mana a hannu ba.